CG125 ɗina na zubar da fetur tun da aka gyara injin, don Allah a taimaka

Ɗan Yelwa, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tsohuwar Honda CG125 wadda na gada wajen kawuna, da ita nake kai kaya kasuwar Pitowa duk Lahadi. Watan jiya ta fara hayaƙi sosai na kai ta gareji aka sauke inji, aka sa fistin da ringi sababbi, ta yi sati 3 a can tanki na ajiye gefe babu ko ɗigon mai a ciki. Yanzu inji kam Alhamdulillahi, bugu ɗaya take tashi, amma fa duk safiya sai in tarar ƙasan zaure ya jiƙe daidai ƙarƙashin kabureta, warin asansi har ɗakin yara, kuma uwargida a tsakar gidan take hura gawayi, wallahi abin ya hana ni barci. Na ɗaure nocin ƙasan kofin kabureta, na sake tiyo, duk a banza. Daga ɗan siririn tiyon nan da ke sauka ƙasa yake ɗiga. Me zan duba kuma?

Baba Makanike, Marwa:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai ka fitar da ita daga zauren nan yau ɗin nan, kuma ka riƙa mayar da robine, wato makullin mai na ƙarƙashin tanki, kan OFF duk sanda ka kashe ta. Ita CG ba ta da famfon tura mai, tanki na sama kabureta na ƙasa, mai da kansa yake gangarowa, allura ɗaya tak ke tare shi idan kofi ya cika fulota, wato abin da ke yawo a saman man cikin kofi, ta taso. Wancan tiyon da kake gani aikinsa kenan ya zubar in mai ya wuce iyaka, ashe allurar ba ta rufewa. Tankin da ya zauna sati 3 a bushe tsatsa ta ɓanɓaro a ciki, ka zo ka zuba fetur ɗin zuwa-zuwa na kwalba a bakin hanya, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta tokare ta.

Ka cire kabureta ka kwance kofi, ka kifa ta fulota ta kwanta kan allura, sai ka hura da baki ta inda tiyon mai ke shiga. In iska ta wuce ba ta rufe ba. Duba tsinin allurar da kyau a hasken rana, in ka ga zobe ya zagaye shi kamar an ɗaure da zare to ta cinye, wanki ba zai yi mata komai ba sai sabuwa. Fulotar ma ka girgiza ta kusa da kunne, in ka ji ruwa na motsi ciki ta huje.

Abin da ya fi damuna shi ne baƙin mai. Zaro sandar awo ka shinshina. Wani lokaci fetur yakan bi ta bawul ya gangara ta gefen fistin ya haɗu da baƙin mai ya tsinka shi, kuma duka-duka wajen lita 1 ne a injin nan, ga ringinka sababbi ba su gama zama ba. In ya yi wari ko ya ƙaru a kan awo, kada ka tayar da ita sai ka juye.

Mai Kilando, Kusiri:
baba ya gama magana. ni dai tawa juwan ɗin bakin kofi, abin da ke hana yoyo, shi ne ya bushe, yaron gareji ya shafa mata silikon ja, kwana 2 fetur ya narkar da shi ya toshe min jet, 'yar ƙofar da mai ke bi a kabureta, a kan hanya da fasinja a baya. kar ka yarda a sa maka. in kana shakkar inda yake fitowa ka goge ko'ina ya bushe ka barbaɗa hodar yara, ka buɗe robine, inda ta fara jiƙewa nan ne

Ɗan Yelwa, Garwa:
Baba Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Na kwance da yamma, gindin kofin duk jan gari ne kamar an niƙa jar ƙasa, allurar kuma ga zoben nan ɓaro-ɓaro. Baƙin man da na juye kamar ruwan shayi, sai da gabana ya faɗi. Na sa sabuwar allura da ɗan filta a tiyo, na shimfiɗa kwali ƙarƙashinta robine a buɗe awa 2 ina zaune ina kallo, ko ɗigo. Saura tankin, da na leƙa da tocila tsatsa ce har wuya. Wani ya ce in kai wa mai walda ya yanka a kankare, ya kuka gani?

Baba Makanike, Marwa:
A'a ɗana, wuta ba ta kusantar tankin da ya taɓa riƙe fetur, ko ya bushe tururin na nan ciki. Cire shi, cire robine ka toshe ramin, zuba noti-noti kamar 20 da kananzir ka yi ta girgizawa, ka juye ka maimaita har ya fito fes. Ka ƙirga notin kafin ka zuba, ka sake ƙirgawa in sun fito.