Duk kuskure 200 yake dawowa, oga ya ce in gyara kafin Litinin

Sabon Shiga: Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka min. Shafin da nake kula da shi ba ni na gina ba. Wanda ya gina ya bar aiki wata takwas da suka wuce, bai bar min ko layi ɗaya na bayani ba, yanzu ko waya ba ya ɗagawa, alhali ni na taya shi kwashe kayansa ranar da zai tafi. Express ne a baya (manhajar da ke kan saba), React a gaba (ɓangaren da mai amfani ke gani), nginx a tsakani yana karɓar buƙatu. Tsarinsa kowace amsa 200 ce, wato lambar HTTP mai nufin komai lafiya, in an sami kuskure sai a cikin bayanan amsar (JSON) a sa success: false. Daren Laraba rumbun bayanai ya faɗi, har gari ya waye manhajar sa ido ba ta yi ko tari ba, don 200 take gani. Ga Google Search Console, inda Google ke nuna matsalolin shafi, yana ta jero min "soft 404", wato shafin da babu shi amma yana ba da 200. Ta ina zan fara?

Tsohon Hannu: Wa alaikumussalam. Ƙanena, lambar nan na'ura take wa magana, kai kuma ka sa tana yi mata ƙarya. Abin da babu shi 404. Wanda bai shiga ba 401, wanda ya shiga amma ba shi da izini 403. Laifin sabarku 500. Ka rubuta middleware na kuskure, wato function ɗin da Express ke miƙa wa kuskure, mai (err, req, res, next), huɗu cif, a ƙasan duk route (adireshin da sabar ke amsawa). In uku ka sa, Express ba zai ɗauke shi a na kuskure ba. Ka cire 200 ɗin nan yau.

Mai Gyara: Kada ka cire yau! Gaban da wanne yake kiran sabar, fetch ko axios? Shi fetch ba ya ɗaukar 500 a matsayin kuskure sai ka duba response.ok, axios kuwa nan take zai jefa ka catch. Ka canza baya kaɗai, saƙonnin da masu amfani ke gani su ɓace.

Sabon Shiga: axios ne. Amma Malam Tsohon Hannu, ai GraphQL ma, wani tsarin neman bayanai daga saba, 200 yake mayarwa da kuskuren a ciki. Kuma shekara biyu yana aiki a haka ba wanda ya yi ƙorafi.

Tsohon Hannu: Kai GraphQL kake yi? Daren Laraba fa, aiki yake yi?

Uwar Bayanai: Ni nawa ya fi wannan. Inda na yi aiki an bar DEBUG=True, saitin gwaji, a Django (shi ma kamar Express yake, amma na Python), kowane kuskure sai ya baje wa baƙo sunayen fayilolinmu da layukan code. Na yi magana sau uku, da abin ya fito ni aka kira ofis. Kai dai soft 404 ɗinka ina zargin try_files $uri /index.html ne a nginx, kowane adireshi aka rubuta index.html zai bayar da 200. Turo mana saitin.

Mai Gyara: Kuma 403 ɗin nan ba dole ba ce. GitHub 404 yake ba ka in ka nemi ma'ajiyar sirri da ba ka da izininta, don kar ka san ma tana nan.

Tsohon Hannu: Yaro bai iya rarrafe ba kana koya masa gudu. Sabon Shiga, Express nawa ne? A 4, kuskuren cikin async ba ya isa middleware sai ka kira next(err) da kanka. A 5 ne aka gyara.

Sabon Shiga: Zan duba. Saitin nginx ba ni da izinin fitarwa. Na yanke shawara zan ƙara /health kawai, adireshin da manhajar sa ido za ta riƙa dubawa, ya riƙa ba da 500 in rumbun ya faɗi, sauran in bar su yadda na same su. Lokacin ba zai isa ba.

Tsohon Hannu: 503 ake sawa a nan, wato sabar ba ta iya aiki yanzu. Google ɗin kuma fa?

Uwar Bayanai: Ko layin try_files kaɗai ka kwafo mana.