CLED kaɗai, ko MacConkey da agar ɗin jini? Ina neman shawara kan shukar fitsari

Sabuwar Ma'aikaciya: Assalamu alaikum manyana. An damƙa mini sashen ƙwayoyin cuta a ƙaramin lab ɗinmu, kuma kafin ƙarshen mako zan miƙa jerin kayan da za a saya. Yawancin abin da ake kawo mana fitsari ne. Inkubetarmu, wato akwatin ɗumi da ake sa faranti don ƙwayoyi su tsiro, ƙarama ce, ni kaɗai ce mai zuba faranti, kuma ba ma samun jinin tumaki a kai a kai. A cikin ire-iren agar, wato abincin da ake zubawa a faranti don shuka ƙwayoyin cuta, shin in tsaya a kan CLED kaɗai, ko in haɗa MacConkey da agar ɗin jini, ko in matsa a sayi kromojenik, mai ba ƙwayoyi launi daban-daban? Don Allah wanda ya yi aiki da su ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Ɗan Benci: Wa alaikumus salam. Kada ki manta da agar ɗin XLD da na TCBS. Salmonella a kan XLD ja take fitowa da baƙin ɗigo a tsakiya, Vibrio na kwalara kuma rawaya a kan TCBS. Kuma dukansu biyu tafasa su ake yi, ba a sa su a otokilef, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyi.

Sabuwar Ma'aikaciya: Na gode Yaya, amma fitsari na ce, ba bayan gida ba.

Malam Gram: Agar ɗin jini da MacConkey, shi ke nan. Jinin tumaki kashi 5 cikin 100 zai nuna miki wanda ya fasa jini fes da wanda ya bar kore. MacConkey kuma ya raba miki masu cin laktos, sukarin madara, da ke fitowa ruwan hoda, da waɗanda ba sa ci. Haka aka koya mana, haka muke yi.

Anti Mikro: Malam, ta ce ba ta da jinin tumaki. Ƙanwata, kada wani ya ce ki yi amfani da jinin mutum da ya daɗe a ajiya. Yana iya ɗauke da maganin da mai jinin ya sha, ga sinadarin hana daskarewa, kuma fashewar jinin ba ta fitowa yadda ya kamata. A halin da kike ciki ni CLED zan zaɓa. Ba ya hana Gram fozitib, rukunin ƙwayoyi irin su Enterococcus da Staph, tsirowa, masu cin laktos su fito rawaya, kuma rashin gishiri a cikinsa yana hana ƙwayar Proteus mamaye faranti. Faranti ɗaya ga samfuri ɗaya, inkubetarki ta huta.

Tsohon Hannu: Ko me za ki saya, kada ki yarda da MacConkey shi kaɗai. A wani lab da na yi aiki, shugabanmu ya soke sayen komai sai shi, wai ai E. coli ne ke kawo yawancin ciwon mafitsara. Na ce masa gishirin maɗaciya da kiristal bayolet da ke ciki an sa su ne musamman don su danne Gram fozitib. Ya ce in yi abin da aka sa ni. Sai aka riƙa kawo fitsarin wani dattijo mai robar fitsari. A madubin likita ga ƙwayoyin mugunya birjik, faranti kuwa fayau. Muka rubuta babu tsiro, aka sake kawowa, muka sake rubuta haka. Zazzaɓi ya ƙi sauka, iyalansa suka kai samfuri wani wuri, aka shuka a kan jini, washegari ga Enterococcus. Da likita ya zo da faɗa, shugaban ya nuna ni, ya ce hannuna ne bai iya shuka ba. Ni aka ba takardar gargaɗi. Dattijon ya warke, alhamdu lillahi, amma kwanakin da ya yi yana shan maganin da bai dace ba har yau suna ci mini rai. Kafin shekara ta zagayo na bar wurin.

Ɗan Benci: Allah ya saka maka Baba. Amma akwai MacConkey marar kiristal bayolet, Enterococcus na tsirowa a kansa ƙanana jajaye.

Tsohon Hannu: Namu mai shi ne. Kuma wa yake karanta jikin gwangwani kafin ya sa hannu a takardar saye? Ba mai zuba faranti ba ne yake sayowa.

Mai Oksides: Ni na koma kromojenik kuma ba na nadama. A wanda muke amfani da shi E. coli ruwan hoda yake fitowa, Enterococcus ƙananan shuɗi, Klebsiella da danginta shuɗi mai duhu, Proteus kuma da zobe ruwan ƙasa a gefe. Idan ƙwayoyi biyu suka gauraye, nan take kike gani. In aka haɗa lissafin gwaje-gwajen da ya rage mana, ya fi CLED sauƙi.

Malam Gram: Sauƙi? Mu da muka tambaya, kuɗin gwangwani ɗaya ya ninka na CLED ninkin ba ninkin. Kuma haske na lalata shi.

Mai Oksides: Hala farantan da aka riga aka zuba aka yi maka kuɗinsu. Garin daban ne.

Malam Gram: Garin nake nufi. Ku masu manyan asibitoci ba ku san wahalar ƙaramin lab ba. Kuma launi ba suna ba ne. Kowane kamfani da nasa launin. Akwai E. coli da ba ya cin laktos, akwai Citrobacter da ke jinkiri. Ko a kan agar ɗin manitol mai gishiri kashi 7.5 ba duk rawaya ce Staph aureus ba, sai gwajin kowagules ya tabbatar.

Mai Oksides: Malam, rabonka da benci yaushe? Aji kake koyarwa.

Malam Gram: Waɗanda ke kan bencin nan wa ya koya musu riƙe lup, zoben da ake ɗibar samfuri da shi?

Ɗan Benci: Ku bar faɗa, kada ku zama Proteus. A ba shi gefen tabarma, da safe a tarar ya cinye ɗaki, kuma warinsa ya kori masu gida.

Anti Mikro: Duk da haka maganar Malam tana da ƙamshin gaskiya. Ƙanwata, ko wanne kika zaɓa ki sa kayan gwaje-gwajen tantance ƙwaya, wato indol, oksides, katales, yuriyes da kowagules, a jerinki. Kada ki ɗebi koloni, wato ɗigon tsiro, daga MacConkey don oksides ko indol na take-yanke, launinsa na ruɗa sakamako. Kada kuma ki kankaro jini wajen katales, zai yi kumfar ƙarya. Ki nemi sanannun ƙwayoyin gwaji, E. coli ATCC 25922 da Enterococcus ATCC 29212, ki riƙa gwada kowane sabon zubi. Lup mai mikrolita 1, koloni 100 na nufin 100,000 a mililita ɗaya.

Tsohon Hannu: Wannan lissafi yana aiki ne idan fitsarin ya iso da wuri. An ce cikin awa 2, ko a sa a firiji. Mu sai a ɗiba da asuba, ya zauna a ɗakin majinyata har rana ta take. Ƙwayoyi su hayayyafa, ki ga tsiro kala uku, ki rasa wanda za ki rubuta.

Mai Oksides: Ga kwalba ba suna. Ga wanda aka ɗebo daga jakar fitsari maimakon jikin robar. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a fara ba mutum magani, sai ya kwana biyu a kai a turo samfuri, ba a rubuta a takarda ba. In ka ce babu tsiro a ce lab ɗinku ba ya aiki.

Malam Gram: A nan kam bakinmu ɗaya. Ni da na mayar da samfurin da ya kwana a waje, ƙarata aka kai.

Sabuwar Ma'aikaciya: Mu ma haka ake mana, har kwalba mai yoyo. Amma manyana, gobe zan miƙa takarda. Anti, idan na ɗauki CLED, fitsarin masu juna biyu fa? Streptococcus na rukunin B zai fito yadda zan gane shi, ko dole sai na nemo jinin?