Wa ya kawo mana sola, taron ƙasashe ko tsadar mai?

Dakta: Salamu alaikum 'yan zaure. Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka sun ɗauki alkawarin kai wuta ga mutum miliyan 300 a Afirka nan da 2030, har shugabanni sun taru a kan haka a Darussalam ta Tanzaniya a Janairun 2025. Ni dai ra'ayina, in ba da irin wannan haɗin gwiwa ba, Arewa ba za ta fita daga duhu ba.

Injiniya Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam. Dakta, da girmanka, ban yarda ba. Shekara tara ina hawa rufin mutane a garin nan, ban taɓa ɗaura fanel ɗaya da taro ya saya ba. Abin da ya kawo sola Katsina a bayyane yake. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000, kowa ya tura janareto ƙarƙashin gado. Fanel ɗin Chaina kuma ya yi araha. Sai Oktoban 2024 da aka lalata babban layin wutar Shiroro, Arewa ta yi sama da mako cikin duhu. A watan nan har kashe waya na riƙa yi don kira. Mai gida ya sayar da rago, mai shago ya ci bashi, su suka kawo sola.

Baba Ɗan Rimi: Injiniya Allah ya yi maka albarka. Dakta ɗana, gani ya kori ji. Ka hau hanyar Kano ka tsaya Lambar Rimi, ka ƙirga fankokin nan 37 da aka kafa don su ba da megawat 10 da iska. Tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa na gwamnan Katsina ake maganar aikin. Kamfanin Faransa ne ya zo kafawa, a Disamban 2012 aka sace injiniyansu a Rimi, sai bayan kusan shekara ya kuɓuta. Ɗiyar da na aurar lokacin da aka fara zancen, ɗanta yanzu ya gama sakandare. Ni dai har yau ba wanda ya nuna mani ƙwan fitilar da ya ce daga can wutarsa take.

Baba Ɗan Rimi: Kuma kar ka manta 2016. Gwamnatin tarayya ta sa hannu da kamfanoni 14 za su gina manyan tashoshin sola, sama da megawat 1,000, har da mai megawat 75 a Kankiya. Ina take?

Dakta: Baba, Allah ya ƙara lafiya, duk gaskiya ne. Amma a tambaya me ya tsayar da na 2016. An yi yarjejeniya kan santi 11.5 na dala kowane yunit, daga baya gwamnati ta ce ya yi tsada a rage, aka kuma kasa daidaitawa kan garantin da masu ba da bashi ke nema. Masu kuɗin sun zo, mu ne muka tsaya ja-in-ja. Maroko ta karɓi irin wannan bashin daga Bankin Duniya da Jamus da Bankin Raya Afirka, ta gina tashar Noor mai megawat 580. Nan kusa da mu, a Gorou Banda ta gefen Yamai, Faransa da Tarayyar Turai suka sa kuɗi aka yi mai megawat 30, tana aiki.

Kai kuma Injiniya, fanel ɗin da kake taƙama ya yi araha, daga sama ya faɗo? Jamus ce ta yi doka a 2000 tana sayen wutar sola da tsada daga hannun mutanenta, kasuwa ta buɗe, Chaina ta giggina masana'antu, farashi ya yi ta faɗuwa har ya iso inda mai shayi zai iya saye.

Injiniya Ƙofar Ƙaura: Wannan ai ciniki ne Dakta, ba taimako ba. Ɗan Chaina bai san Ƙofar Ƙaura ba, kuɗina ya sani. Kuma ni na fi son haka, don wanda na biya ina iya riƙe mashi wuya.

Mai Walda: Ku duka fitila da fanka kuke magana. Wace sola ce za ta ja mani injin walda? Ko injin niƙa na maƙwabcina? Har yanzu gas muke saye.

Injiniya Ƙofar Ƙaura: Tana ja da rana in ka sa babbar inbata, na'urar da ke mayar da wutar sola irin ta gida, da isassun fanel.

Mai Walda: Nawa?

Injiniya Ƙofar Ƙaura: Zo shago mu yi magana.

Mai Walda: Ka ji ko. In mutum ya ce zo shago, ka san kuɗin ya fi ƙarfin rubutu.

Hajiya Mai Ƙanƙara: Salamu alaikum. Ku bar ni in sa baki, tunda ni ce nake kwana da abin. Firiza biyu gare ni a kan sola. Sarƙa da ɗan kunnena na gwal na sayar na haɗa da kwasar adashi kafin in kafa. Alhamdulillahi, azumin da ya wuce ban sayi mai ko na kwalba ba, yara na layi tun la'asar da kwanoni. Da hunturu kuwa hazo ke rufe fanel, kullum da asuba sai autana ya hau da tsumma ɗaure a bakin sanda ya goge, in ya yi ƙiwa kwana biyu sai ka ga zoɓo bai daskare ba. Sa'ar dai lokacin sanyi ba mai neman ƙanƙarar.

To amma Injiniya, ƙanena, ka faɗi gaskiya. A layinmu gida nawa ke da gwal ɗin sayarwa? Maƙwabciyata ta fi ni iya kunun aya, amma a firizata take ajiya ina cire mata wani abu. Da za a ba ta kayan ta riƙa biya kaɗan-kaɗan, da tuni ta wuce ni. In kuɗin Turawan nan zai yi wannan, ni ba ni da faɗa da shi.

Dakta: Hajiya kin gama magana. Abin da ake nufi ke nan da dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince wa Najeriya a Disamban 2023. Ana rage wa kamfani kuɗin kafa ƙaramar tashar sola ta gari guda, mai mita, wadda za ta ja injin niƙa da walda, ko kuma a rage kuɗin ta gida. Kasuwa in an bar ta ita kaɗai, mai kuɗi take bi.

Ɗan Jibiya: Dakta bashi ne fa, kuma da dala. Sanda aka fara irin waɗannan maganganu dala ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta wuce 1,500. Mai niƙa da naira zai biya, mu kuma da dala za mu mayar. Sannan ku tambaye mu da ke bakin iyaka. Da aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023, Najeriya ta yanke masu wuta, alhali mafi yawan wutarsu daga nan take. 'Yan'uwanmu na Maraɗi sun ga ta kansu. Zanen aro ba ya rufe katara. Ni famfona na ban ruwa fanel ne kawai da tiyo, ba batir, rana ta fito ya tashi, ta faɗi ya kwanta, kuma ba wanda zai yi fushi da ni ya kashe mani.

Dakta: Kuma fanel ɗin naka a Jibiya aka ƙera shi?

Ɗan Jibiya: Na dai biya, ba a bina.

Sista: Ina ta karantawa ban so magana ba. Ina aiki a ƙaramin asibiti a wani ƙauye, ba sai na faɗi suna ba. Wata ƙungiya ta kafa mana sola, da firjin allurar rigakafi, aka zo da motoci aka yanka kyalle aka ɗauki hoto. Wallahi shekara biyu mun ji daɗi. Sai batura suka mutu. Ƙungiyar ta ce aikinta ya ƙare, na sama suka ce ba a sa gyara a kasafi ba. Fanel na nan lafiya lau a kan rufi, da rana akwai wuta, magariba na yi shi ke nan. Makon jiya ƙarfe biyun dare na karɓi haihuwa da fitilar waya a bakina, kakar jaririn na riƙe da tocila mai lumshewa. Allurai kuwa sai a cikin kula mai ƙanƙara ake kawo mana daga gari.

Dakta, naka sun zo sun tafi. Injiniya, naka ba su taɓa zuwa ba, don ba wanda zai biya su a can.

Baba Ɗan Rimi: Innalillahi. Uwa da ɗa dai lafiya?

Sista: Lafiya lau Baba, namiji ne.

Dakta: Wannan matsalar tsari ce Sista, ya kamata tun farko a ware kuɗin canjin batir cikin yarjejeniya. Ba hujja ba ce ta a ƙi tallafin.

Mai Walda: Lambar Rimi matsalar tsari, Kankiya matsalar tsari, asibitin Sista matsalar tsari. Dakta wai tsarin nan a wace ƙasa ake sayo shi?

Injiniya Ƙofar Ƙaura: Sista, batura nawa ne, kuma masu ruwa ne ko busassu? Wani sa'in ba duka suka mutu ba, ɗaya ne ke jan sauran ƙasa. Ki ɗauko mani hoton rubutun da ke jikinsu da na jikin inbata ki turo. In hanya lafiya, ranar Asabar sai in shigo da mita in auna.

Sista: To na gode. Sai dai da safe, yanzu ɗakin ba haske, wayar ma saura kashi 9.