Zan bi maigida Ingila da yara biyu ƙanana, waɗanda suka zauna waje ku faɗa min gaskiya

'Yar Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, kuma daga bakin waɗanda suka taɓa zama nake so, ba ji-ta-ji-ta ba. Maigida ya samu karatun digiri na uku a Sheffield ya tafi tun watan tara, yanzu bizarmu ta fito ni da yara, babbar shekararta 4, ƙaramin kuma wata 18 ko daɗewa da yaye bai yi ba. Ni tunda aka haife ni ban taɓa yin wata guda a wajen Jos ba, tsakanina da gidanmu keke ɗaya ne, in zan je kasuwar Terminus sai dai in miƙa wa maƙwabciya yara ta katanga in wuce. Kowa sai murna yake taya ni amma wlh in dare ya yi bana iya bacci. Ya ake yini da yara a can? Shi nake son sani, daga safe zuwa dare.

Maman 'yan biyu, Bradford:
Wa alaikumussalam ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Ki gode Allah ma da na uku yake yi, don tun watan ɗaya na 2024 suka hana yawancin masu digiri na biyu tahowa da iyali. Nasan za ki ce ai ke 'yar Jos ce kin saba da sanyi, nima haka nace. Sanyin da sauƙi akwai hita akwai jaket, duhun ne ya fi wahalar da ni, a watan sha biyu kafin ƙarfe huɗu an yi magariba, safiya kuma har ƙarfe takwas gari bai gama wayewa ba, yara suna kulle a ɗaki suna ta rigima ke kuma ba wanda za ki ce wa ko sannu.

Bari in ba ki misali ɗaya ki gane. Wata rana na ɗora miya na duba ba albasa, shagon bai fi tafiyar minti biyar ba. A Jos ai yaron maƙwabta zan ƙwala wa kira. Nan sai da na kashe wuta, na sa wa kowanne safa, wando biyu, jaket, hula, na ɗaure su a keken turawa, ina gama ɗaya ɗayan ya ɓata famfas na sake kwancewa, kusan awa guda a kan albasa biyu. Kuma kar ki kuskura kice suna bacci bari in yi sauri in dawo, doka ba ta yanke shekaru ba amma laifi ne a bar yaro shi kaɗai in zai iya shiga haɗari, maƙwabci yana jin kuka zai kira hukuma kuma a ganinsa taimako ya yi.

Maganar makaranta, a nan yaro yana shiga ajin farko a watan tara na bayan ya cika 4, to in 'yarki ta cika kafin watan tara da ya wuce kuna sauka ki sa babanta ya nema mata gurbi ta wajen kansil, wato ƙaramar hukumar garinku. In ba ta kai ba akwai awa 15 kyauta a sati a makarantar raino ga 'yan shekara 3 da 4, wannan kowa yana samu. Abincin rana ma kyauta ne a shekaru ukun farko, amma ki rubuta musu ɓaro-ɓaro halal ko mara nama. Kuɗin tallafin yara kuma kar ki sa rai, irin bizarmu ba ta ci.

'Yar Unguwar Rogo:
Innalillahi, awa guda? To anty in yaro ya yi zazzaɓi da dare fa?

Maman 'yan biyu, Bradford:
Ki kira 111 su tambaye ki su faɗa miki abin yi, in abu ya yi tsanani 999. Amma ki cire rai da shiga kemis kice a ba ki maganin kashe ƙwayoyin cuta, yawanci sai da takardar likita, sau da yawa ma cewa za su yi ki ba shi farasitamol da ruwa ki sa ido. Da farko haushi nake ji kamar basu damu ba, daga baya na ga yaran suna warkewa. Kuna zuwa ku yi rajista da likitan unguwa, ki taho da katin rigakafinsu na gida, kuma ki nemi ɗigon bitamin D don rana ba ta isar fatarmu a nan.

Antin Rikkos:
Ni Malesiya na zauna, Serdang, shekara huɗu da yara uku. Namu ya bambanta, ba sanyi sai zafi da ruwan sama kusan kullum da yamma, kiran salla kana ji daga ɗaki, abinci halal ko'ina ba sai ka tsaya karanta bayan leda ba. Amma kaɗaicin ɗaya ne wlh. Abin da ya cece ni matan ɗalibai 'yan uwanmu, mu huɗu ne a jerin gidajen, biyu 'yan Kano ɗaya 'yar Gombe, muka tsara karɓa-karɓa, ranar Litinin duk yara a gidana, Talata gidan wata, a haka kowa take samun yini ta je kasuwa ko asibiti ko kawai ta kwanta ta yi baccin kirki. Ba mu san juna a gida ba amma ranar da ƙaramina ya kwanta asibiti su suka riƙe min manyan kwana biyar. Don haka satin farko kafin ki damu da labule da kujera ki nemi mata biyu, ki je masallaci ranar Juma'a ki yi sallama, ki cire kunya ki karɓi lamba. Ko ba Bahaushiya ba ce, 'yar Sudan ko Somaliya ko Pakistan, uwa dai uwa ce.

Wani uba daga Gangare, Winnipeg:
Ku yi haƙuri na shigo maganar mata, amma ƙanwata ki nuna wa maigidanki wannan. Matata ta haihu a nan Kanada a watan ɗaya, sanyi ya kai 30 ƙasa da sifiri, ba uwarta ba tawa. Kafin a sallame mu sai da aka tambaye mu kujerar jariri ta mota. Muka dawo gida ni da ita da jaririya da yaro ɗan shekara 3, aka rufe ƙofa shikenan, ba masu barka ba mai dafa ruwan wanka. Kunun kanwa a waya mahaifiyata ta koya min, na jingina wayar a jikin tukunya tana cewa ƙara ruwa, dama da sauri kar ya yi gudaji, na farko ya ƙone na biyu ya sha. Ragon suna a Jos aka yanka, mu nan mutum shida ne da dabino bayan sallar asuba. Ranar matata ta yi kuka sosai da aka turo hoton tsakar gida cike da mata.

Abin da nake son faɗa wa 'yan uwana maza, in ka ɗauko 'yar mutane ka kawo ta inda ba ta da kowa to kai ne dangin nata gaba ɗaya. Ka dawo daga karatu ko aiki a gajiye, gaskiya ne, amma ita tun asuba ba ta yi magana da babban mutum ba. Ka karɓi yaran ko awa ɗaya ne, ka iya wanka da canza famfas da dafa taliya. Na ga auren da ya lalace a nan ba don rashin so ba, miji yana zaman Jos a cikin Winnipeg.

'Yar Bukuru:
Ni dai a ganina ki bar babbar wajen kakarta ki tafi da ƙaramin, ta samu islamiyya da tarbiyya, ke ma ki samu sauƙi. Shekara uku ko huɗu kamar gobe ne.

Ta Jidda:
A'a dan Allah kar ki ba ta wannan shawarar, ni na yi kuma har yau yana cina. A Saudiyya tun 2017 aka sa wa baƙi masu aiki harajin iyali, ya fara da riyal 100 a wata kan kowane mutum har ya kai 400 a 2020, mu da yara uku lissafi ya ƙi, sai muka mayar da babbar gida tana da shekara 5. An riƙe ta tsakani da Allah ba abin da ta rasa. Amma da na zo bayan shekara ɗaya da rabi na durƙusa na buɗe mata hannu sai ta ɓuya a bayan zanin kakarta tana leƙena. Sai da na yi sati biyu kafin ta yarda in yi mata kitso. Yanzu tana wajena amma in abu ya dame ta ba ni take fara faɗa wa ba. In dole ce ta sa to dole ce, amma ke da aka ba ku biza ku duka ki tafi da kayanki.

'Yar Bukuru:
Allah sarki, ban kalle shi ta nan ba. Allah ya daidaita tsakaninku.

Wadda ta dawo, Gwarimpa:
Shekara bakwai na yi a Glasgow ta Scotland, yanzu muna Abuja. Ni maganar harshe zan yi don ita ce ta zo min ba zato. Yarona ya tafi yana da shekara 3 bakinsa cike da Hausa, wata shida da shiga makarantar raino na lura in na yi masa Hausa da Turanci yake amsawa, ni kuma don sauri sai in bi shi. Da muka zo hutu Jos kakarsa ta zaunar da shi tana masa wasan miji, yana ji sarai amma ya kasa mayarwa, sai murmushi yake yana kallona in fassara, tsohuwar nan ta juya ta share ido. Daga ranar muka kafa doka, in an shigo gida Hausa kawai, in ya tambayi ruwa da Turanci sai in ce me kace, har ya faɗa. Kar ki ji tsoron wai zai rikice a makaranta, Turancin zai kama shi ko kin so ko ba ki so, malamansa ma cewa suka yi mu ci gaba da yi masa harshenmu. Ƙanwarsa da na fara da ita tun tana goye har tatsuniya take yi.

Sai tarbiyya. A can malama tana son yaro ya kalle ta cikin ido in tana magana, mu kuma a wajenmu rashin kunya ne, to ki zaunar da 'yarki ki bayyana mata kowanne da wurinsa kar ta ɗauka ɗaya daidai ne ɗaya kuskure. Duka kuma ki ajiye shi a filin jirgi, a Scotland an haramta tun 2020, Wales 2022, a Ingila ma in malama ta ga shaida a jikin yaro za ta kai rahoto. Ni ban ga na yi asara ba, hana kallo da zama a gefe sun yi min aikin da bulala ba ta yi ba. Islamiyya ta ƙarshen sati ce ko ta yamma kuma biya ake, sauran ke ce malamar, addu'ar bacci da ta cin abinci duk a bakinki za su ji. In za ku zo hutu ki nemi maganin kariya daga maleriya kafin ku taso, nawa ya kwanta a zuwanmu na farko.

Hajiya Kaka, Bauchi Road:
Jikata ce take rubuta min. 'Yata, ni na je Manchester jegon 'yata na yi wata biyar. Kullum a waya tana ce min lafiya lau Mama, da na je na same ta ta rame, gidan tsaf yara tsaf amma ita in ta shiga kicin sai ta daɗe, ashe kuka take. Na ce me ya hana ki faɗa, tace kar a ce ta samu waje tana raki. To ke kar ki yi haka, in kin gaji ki kira uwarki kice kin gaji, ba butulci ba ne. Kuma ki riƙa haɗa yaran da kakanninsu a waya ko ba abin faɗa, ki ajiye wayar suna wasa muna kallo, mu ma yana rage mana. Allah ya kai ku lafiya ya raya zuri'a.

'Yar Unguwar Rogo:
Amin Hajiya, na gode Allah ya ƙara girma. Wlh ina karantawa ina hawaye amma zuciyata ta fi kwanciya, na tura wa maigida saƙon Yayanmu na Winnipeg yace ya ji. Da su biyun zan tafi in sha Allah. Gobe zan shiga kasuwa in haɗa kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da yaji da acca, Mama kuma tana so ta yi min dambun nama da man shanu, za su wuce?

Maman 'yan biyu, Bradford:
Nama da duk abin da aka yi da madara ba a shigowa da su daga Najeriya, kilishi da dambu da man shanu ki ce wa Mama ku cinye a gida kafin ki taso. Busassun kayan miya ni ina zuwa da su, ki ninka daddawar a leda uku ki sa a roba mai murfi. Ki taho da zanin goyo biyu, a filin jirgi za ki gode min, sannan ki ba ƙaramin abin sha lokacin tashi da sauka saboda kunne. Kar ki kashe kuɗi kan jaket a Jos, ina da na 'yan biyu da suka yi musu kaɗan har da takalman ruwa. Ki turo min ranar saukarku ta akwatin saƙo, tsakaninmu da Sheffield ba nisa, Asabar ɗin farko zan zo miki da su da tuwo.