Zango ɗaya a Jamus: in zauna in yi karatu ko in zaga Turai?

Tauraruwa23 ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni tafiya.

Ina aji 3 a jami'a, ina karanta kimiyyar muhalli, kuma cikin ikon Allah sunana ya fito a jerin waɗanda za su je musayar ɗalibai ta shirin Erasmus+. Zango ɗaya ne, na hunturu, a birnin Leipzig na Jamus, daga Oktoba zuwa ƙarshen Fabrairu. Biza ta fito, an sa hannu a takardar yarjejeniyar kwasa-kwasai, maki 30 na ECTS, wato ma'aunin nauyin kwasa-kwasai da jami'o'in Turai suke amfani da shi, ake so in dawo da su.

Ga abin da ya hana ni barci. Tun da na ji cewa da wannan bizar zan iya shiga sauran ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da ake zirga-zirga tsakaninsu ba sai da wata sabuwar biza ba, na ɗauki biro da takarda na jera garuruwa: Paris, Rome, Amsterdam, Prague, Vienna, Barcelona, har dai suka kai 11. Na ƙirga ranakun ƙarshen mako na ga kusan 20 ne, sai na ce ai za su ishe ni. Da na nuna wa yayata takardar sai ta ce karatu aka tura ni, ba yawo ba. Na san tana da gaskiya, amma ban taɓa fita waje ba, kuma ina tsoron in dawo ban ga komai ba, daga baya in yi ta da-na-sani.

Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mini: ana iya haɗa biyun ba tare da ɗaya ya cuci ɗaya ba? Kuma mace ita kaɗai, tafiyar tana yiwuwa?

MaiNazarinRuwa ta amsa:

Wa alaikumus salam. Barka da arziki ƙanwata, Allah ya sanya albarka. Ina karanta saƙonki kamar ni na rubuta shi, don ni ma a Leipzig na yi nawa zangon, ni ma da takardar garuruwa na sauka. Nawa 9 ne, na je 7.

Watan Oktoba dai ki cire shi daga lissafi. Kwana 14 doka ta ba ki daga ranar da kika tare ki je ki yi rajistar adireshinki, abin da suke kira Anmeldung, kuma sai da takardar da mai gida ya sa wa hannu. Ga asusun banki, ga inshorar lafiya, ga katin ɗalibi, ga neman inda ajujuwa suke. Kwas biyu cikin waɗanda na zaɓa tun kafin in taso, da na isa na tarar lokacinsu ɗaya, dole na sauya guda, aka sake sa hannu a yarjejeniyar, ni da makarantarmu da tasu. Kada ki yi wasa da wannan takardar. Kwas ɗin da ba ya cikinta, ba lalle makarantarku ta ƙirga miki shi ba.

Daga Nuwamba na fara fita. Daren Juma'a in hau bas, in wayi gari a wata ƙasa, in yini ina takawa da jaka a baya, in kwana a masauki mai gado 8 a ɗaki, ranar Lahadi in juyo. Litinin ina cikin aji, ido buɗe, amma abin da malami yake faɗa ba ya shiga. Na je Amsterdam, abin da na riƙe daga can ruwan sama ne da ciwon ƙafa. Hotunan suna nan a waya, amma in kika tambaye ni da wa na zauna na yi hira a garin, babu ko mutum ɗaya.

A can, shiga aji daban, rajistar jarrabawa daban, kuma tana da wa'adi. Ina Vienna wa'adin wani kwas ya wuce. Sun aiko da sanarwa, ni ce na yi kwana 3 ban buɗe imel ba. Haka maki 5 suka tafi, na dawo da 25, sai da na ƙara kwas a shekarata ta ƙarshe. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Akwai kuma abin da ban gane ba sai daga baya. Rabin yawon nan gudun kaɗaici nake yi. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan duhu ya fara cin rana. A Disamba wajen ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk cikin awa 4 suke, sai kin tsara inda za ki yi salla tsakanin lacca da lacca. Ki dawo ɗaki, shiru, sanyi, kowa ya rufe ƙofarsa. Sayen tikiti ya fi mini sauƙi a kan ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyata.

Da Janairu ya kama kuɗi sun yi ƙasa, jarrabawa ta matso, sai na zauna. Mu 5 ne muke amfani da kicin ɗaya: ni, da 'yar Poland, da 'yar Sifaniya, da wata daga Koriya ta Kudu, da Bajamushiya 'yar garin. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, don haka kowa yana gida, muka fara girki tare. Ban taɓa roƙon su ba, da kansu suka ware tukunya da kaskon da naman alade ba ya taɓawa, saboda ni. Wata Lahadi Bajamushiyar ta kai ni gidansu. Mahaifiyarta ta ba ni labarin daren Litinin 9 ga Oktoba 1989, ranar da mutum kusan 70,000 suka fito daga wajen cocin Nikolai suka zaga gari suna zanga-zangar lumana ta adawa da gwamnatin Jamus ta Gabas ta wancan lokacin, ba su san ko za a buɗe musu wuta ba. Tana cikinsu, tana budurwa. Bayan wata ɗaya katangar Berlin ta faɗi. Tana magana hannunta yana rawa a kan kofin shayi. Ƙanwata, wata 3 ina wuce cocin nan kusan kullum ban san abin da ya faru a ƙofarsa ba, ina can ina neman tarihi a ƙasashen wasu.

Ban ce kada ki je ko'ina ba. Ki zaɓi 3 da zuciyarki ta fi so, ki ajiye su zuwa hutun Kirsimeti, wanda yake kai kusan mako 2, da kuma bayan jarrabawa.

Batun mace ita kaɗai, na yi kuma lafiya lau. Yawancin masaukan ɗalibai suna da ɗakin mata zalla, shi nake kamawa. Ina barin adireshin inda zan kwana wajen wata a gidanmu, kuma na daina hawa bas ɗin da zai sauke ni a baƙon gari da tsakar dare. Lambar gaggawa 112 ce a duk Tarayyar Turai.

MalamLissafi ya amsa:

'Yar'uwa, ni ta ɓangaren takardu zan shigo, don a nan na ga mutane suna shiga matsala.

Ɗauko fasfo ki duba bizar. In nau'in D ce ta zaman karatu, kina iya shiga sauran ƙasashen Schengen har kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Ƙasashen 29 ne yanzu. Birtaniya da Ireland ba sa ciki, Siwizalan da Norway suna ciki duk da ba 'yan Tarayyar Turai ba ne. Kada ki ce ai babu iyaka ki bar fasfo a ɗaki. Tun Satumbar 2024 Jamus take duba masu shigowa ta duk iyakokinta na ƙasa, 'yan sanda suna hawa bas da jirgin ƙasa, kuma katin ɗalibi ba ya tsaya wa fasfo.

Ki duba ranar da bizar za ta ƙare kafin ki shirya yawon bayan jarrabawa. In ba ta kai ƙarshen zamanki ba, sai kin nemi izinin zama, kuma kafin ya fito takardar wucin gadi ake bayarwa, Fiktionsbescheinigung. Iri-iri ce, akwai wadda in kika fita da ita ba za ki iya dawowa ba. Ki tambayi ofishin baƙi kafin ki sayi tikiti.

Kuɗi kuma: Prague da koruna ake ciniki, Poland da zloty, ba yuro ba. Jami'o'i da yawa suna haɗa tikitin Deutschlandticket a cikin kuɗin zango, wanda zai kai ki ko'ina a Jamus a bas da taragu da jiragen ƙasa na yanki, amma ban da masu gudu irin su ICE da IC. Ki sa harajin rediyo da talabijin a lissafi, yuro 18.36 a wata ga kowane gida, in kuna da yawa ku raba. Jirgin sama mai araha kuma ki duba inda zai sauka. Filin Beauvais da ake sayar da tikitinsa da sunan Paris ya fi kilomita 80 daga birnin, in kika haɗa kuɗin mota da na jaka arahar ta tafi.

Kada gabanki ya faɗi in kika ga 1.3 a sakamako. A can 1.0 ne mafi kyau, 4.0 an tsallake da ƙyar, 5.0 faɗuwa.

BaƙonBologna ya amsa:

Hajiya MaiNazarinRuwa, labarinki ya taɓa ni, amma ina so in ɗan ja da ke, kada mu sanyaya wa yarinyar nan gwiwa.

'Yan Turai da suke zuwa Erasmus, tun 1987 da aka fara shi, suna iya cewa bari sai baɗi na je Rome, don katin shaida kawai za su ɗauka. Wanda fasfonsa yake buƙatar biza ba haka nasa yake ba. Ni a Bologna na yi nawa, kuma tun da na dawo ban sake taka Turai ba. In ina son zuwa yanzu sai na nemi ranar ganawa, na kai bayanan banki da takardar aiki, na biya yuro 90, kuma a iya hana ni. Don haka ƙanwata, tsoron da kike ji yana da tushe, kuma yayarki ma in kika yi mata wannan bayanin za ta gane.

Inda na yarda da Hajiya shi ne gudu-gudun ne matsalar. Ni dokar da na kafa wa kaina, duk inda jirgin ƙasa ba zai kai ni cikin awa 3 ba, sai hutu. Da haka na ga Florence da Venice da Ravenna, na dawo na kwana a gadona, ban rasa maki ko ɗaya ba. Ke ma kina da irin wannan. Berlin awa ɗaya da 'yan mintuna ce a jirgi mai gudu. Dresden tana kusa, ki je ki ga cocin Frauenkirche da ya rushe a harin bama-bamai na Fabrairun 1945, aka gama sake gina shi a 2005, baƙaƙen duwatsun da suke jikinsa na asali ne. Daga Dresden zuwa Prague awa 2 da ɗoriya ne, jirgin yana bin gefen kogin Elbe tsakanin duwatsu. Ki zauna gefen taga. Ni wannan hanyar na bi a hutun Kirsimeti, kuma har yau ina ganinta in na rufe ido.

Tauraruwa23 ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba bizar, D ce, kuma ta kai har tsakiyar Maris, alhamdulillahi. Na soke 7 daga cikin 11. Berlin da Dresden zan yi su a yini ɗaya-ɗaya, Prague a hutun Disamba, Rome bayan jarrabawa in kuɗi sun rage. Paris ce na daɗe ina kallo kafin in ja mata layi, wallahi sai da na ji kamar in yi kuka. Na kuma sa ranar rajistar jarrabawa a matsayin tambayar farko da zan yi in na isa.

Yaya MaiNazarinRuwa, maganar kaɗaicin nan ce ta fi tsaya mini a rai, don ni mai kunya ce. Ta yaya kika fara? Sannan rigar sanyi, in saya kafin in taso ko sai na je?

MaiNazarinRuwa ta amsa:

Sai kin je ƙanwata. Farkon Oktoba sanyin bai yi tsanani ba, kuma a can za ki samu wadda aka ɗinka don sanyinsu, har ta hannu akwai masu kyau. Takalmin da ruwa ba ya shiga ya fi rigar muhimmanci.

Yadda na fara, na daina kai abinci ɗaki. Na riƙa zama a teburin kicin ina ci ko da ni kaɗai ce, duk wadda ta shigo mu gaisa. Ki fara tun makon farko, lokacin kowa baƙo ne kuma kowa yana neman wanda zai yi wa magana.

Tunda muhalli kike karantawa, akwai wurin da ya kamata ya shiga takardarki. A kudancin Leipzig akwai tafkuna da a da ramukan haƙar gawayi ne, aka daina haƙa aka cika su da ruwa. Wanda ya fi kusa shi ne Cospudener See, da keke ma ana zuwa ta cikin dajin da ya ratsa garin. Ki je a Oktoba kafin ganye ya gama zuba, ki ja ɗaya daga cikin 'yan kicin ɗinku ku tafi tare. In kin je ki turo mana hoto a nan.