Kaset 23 na marigayi Baba: ta yaya zan kwashe su, da wace manhaja zan tace?

Aisha: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Jiya muna gyara ɗakin marigayi Baba muka tarar da kyamararsa ta bidiyo cikin jakarta, da ƙananan kaset 23, a jikinsu an rubuta MiniDV. Shi kuma ya bi kowanne ya rubuta shekara da biro, daga 2003 zuwa 2009. Na jona ta da wuta ta kama, na sa ɗaya, sai ga muryarsa yana kiran ƙanena lokacin yana koyon tafiya. Ban iya ƙarasa kallo ba. So nake in kwashe su duka zuwa kwamfuta, in haɗa wa Mama da 'yan'uwa fim ɗaya. Wace manhaja ce ta fi sauƙin tacewa? Akwai kebul na USB a jakar, na jona, kwamfuta ba ta nuna komai ba.

Nura: Wa alaikumus salam Anti Aisha. Allah ya jiƙan Baba. Ki sauke CapCut ta kwamfuta, cikin awa ɗaya za ki iya ta.

Malam Habu: Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta. Ƙanwata, ajiye maganar manhaja tukuna, ita ce ƙarama a aikin nan. Abu na farko, yau ɗin nan: duba gefen kowane kaset, akwai ɗan makulli da ake turawa tsakanin REC da SAVE. Tura su duka zuwa SAVE. In hannu ya kuskure ya taɓa jan maɓallin ɗauka, abin da ya hau kai ya tafi ke nan. Na biyu, daina kallo a kyamarar. Ta haura shekara 20, duk awar da ta rage mata ki adana ta don ranar kwasa.

Batun USB kuwa, ba kebul ɗinki ne ya lalace ba. A yawancin kyamarorin MiniDV ramin USB na hotunan katin memori ne, bidiyon kaset ta wani rami yake fita. Buɗe murafen robar da ke jikinta, za ki ga ɗan ƙaramin rami mai ɗan lotso a gefe ɗaya, an rubuta DV ko i.LINK. Shi ne FireWire, sunansa na asali IEEE 1394, Sony ne suke ce masa i.LINK. Daɗin abin shi ne, abin da ke kan kaset ɗin nan tun asali lambobi ne irin na kwamfuta, don haka ta wannan rami kwafa kawai ake yi, ko ƙwayar inganci ba ta raguwa.

Aisha: Na gani Malam, DV aka rubuta. Na tura makullan duka. Amma laftof ɗina ba shi da irin ramin. Na ga ana tallar kebul mai FireWire a kai ɗaya, USB a ɗaya kan. In saya?

Bashir: Don Allah kar ki saya, Yaya. Ni na saya na jona wa kyamarar wana, tun daga ranar ramin DV ɗinta bai ƙara aiki ba. FireWire da USB ba harshe ɗaya suke yi ba, zallar waya ba ta fassara tsakaninsu.

Malam Habu: Gaskiyar Bashir. Hanya mafi tabbas ita ce kwamfutar tebur. A sa mata katin FireWire na PCIe, a nemi mai cif ɗin Texas Instruments, shi ya fi jituwa da kyamarori. Sai kebul mai fil 4 a ɓangaren kyamara, fil 6 a ɓangaren kati. Idan Windows 10 ta ƙi ganin kyamarar, akwai tsohon direban 1394 da Microsoft ta fitar mai suna Legacy, sau da yawa shi ke warware matsalar. Ko kuma ki tambaya cikin dangi, laftof da yawa na wajen 2005 zuwa 2010 suna zuwa da ƙaramin ramin a jikinsu. In an samu irinsa ba sai an sayi kati ba.

Ki kula da wannan sosai: kashe kyamara da kwamfuta kafin ki jona. Kan mai fil 6 yana ɗauke da wuta, in aka cusa shi a karkace ko a juye yana ƙona ramin kyamara. Bayan kin jona, kunna kwamfuta, sannan ki murɗa kyamara zuwa VCR ko PLAY. A kan caja za ki bar ta, kar ki dogara da tsohon batir.

Anti Zainab: Idan da mai Mac a gidan, iMovie na kwasa kai tsaye, da shi na yi nawa. Tsofaffin Mac suna da ramin FireWire, sababbi sai da adafta biyu a jere, daga Thunderbolt 3 zuwa 2, daga nan zuwa FireWire. Sai dai macOS 26 da ya fito a 2025 ya daina karɓar FireWire, don haka wanda ya riga ya hau shi ba zai yi ba.

Aisha: Mijin yayata yana da kwamfutar tebur, ya ce zai sa katin. Da wace manhaja za a kwasa? CapCut ɗin?

Malam Habu: A'a, WinDV. Kyauta ce, 'yar mitsitsiya, tsohuwa ce amma aikinta ɗaya kuma ta iya shi. Tana fitar da fayil na AVI, tana kuma sa masa suna da rana da lokacin da aka ɗauka, don kyamara tana rubuta wannan a cikin kaset ɗin, matuƙar Baba ya saita agogonta daidai. Akwai saitin da ake kira discontinuity threshold. In kika bar shi, duk inda ya tsayar ya sake ɗauka za ta buɗe sabon fayil. In kika sa 0, kaset ɗaya fayil ɗaya. Ni na fi son a rarraba, ya fi daɗin nema daga baya. Mai Linux kuma dvgrab zai yi masa.

Ki shirya haƙuri. Kaset na awa ɗaya, awa ɗaya zai ci, babu gaggawa. Kowace awa kusan gigabait 13 ce, kaset 23 in sun cika kusan 300 ke nan. Rumbun ajiyar ya kasance NTFS ko exFAT. FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4, wato wajen minti 18 kacal. Lokacin kwasa kar a buɗe komai a kwamfutar, a kuma hana ta barci.

Anti Zainab: Aisha, ga inda ni na yi asara, kar ki bi sahuna. Da na gama kwasa na ga fayilolin sun cinye wuri, na mayar da su MP4 ƙanana na goge na asali. Bayan shekara biyu na sa a babbar talabijin, fuskar kakata duk ta dame, kwanan watan da aka ɗauka ma ya bi na asalin. Na koma ga kaset, kyamara ta riga ta mutu. AVI ɗin nan ki ajiye su a wuri biyu, ɗaya ba a gidanku ba, kaset ɗin ma kar a zubar. Tacewa a kan kwafi ake yi.

Kawu Sale: Ku gafarce ni in shigo da tawa. Ni kyamarata mai kati ce, ba kaset. Na kwafo fayilolin MTS, amma inda na yi doguwar ɗauka sai sauti ya ɗan yanke a tsakiya.

Bashir: AVCHD ce Kawu, tsarin da Sony da Panasonic suka fitar a 2006. Doguwar ɗauka kyamara na datsa ta gida-gida, bayanin yadda za a ɗinke su yana cikin sauran foldojin. Kar ka tsinci MTS kaɗai daga STREAM, kwafo foldar PRIVATE gaba ɗayanta. In har ba ka goge katin ba, sake kwafowa.

Kawu Sale: Ban goge ba. Madalla, Allah ya yi albarka.

Nura: Malam, mu namu Hi8 ne fa, shi ma FireWire?

Malam Habu: Hi8 da Video8 da VHS-C tsofaffin nau'o'in kaset ne, ba na lambobi ba, sai an juya su. Ko dai na'urar kama bidiyo ta USB mai jan kai da fari da rawaya, a ɗauka da OBS Studio, in akwai S-Video a yi amfani da shi a maimakon rawayan, hoto ya fi fita. Ko kuma a nemi kyamarar Digital8, wadda Sony ta fitar a 1999. Da yawansu suna karanta Hi8 da Video8 su fitar ta FireWire, amma ba duka ba, a duba lambar samfurin kafin a karɓa.

Aisha: Jama'a na dawo. Alhamdu lillahi, kaset 9 sun shiga. Abu biyu ne suka dame ni. Duk inda Baba ya juya kyamara ko yaro ya ruga, gefen mutum sai ya yi zara-zara kamar haƙoran mataji. Sannan kaset ɗaya na 2006 hotonsa na farfashewa ƙananan murabba'ai, sauti na sarƙewa.

Malam Habu: Haƙoran matajin ba lalacewa ba ne. Kyamarar tana ɗaukar kowane firam rabi biyu ne, layukan mara daban, na cika daban, don tsohuwar talabijin haka take nunawa. Allon kwamfuta kuwa yana haɗa su lokaci guda, shi ne kike ganin zara-zaran. A VLC danna harafin D ki gani, zai ɓace. Wajen fitar da kwafin rabawa, manhajar HandBrake: a sashen Filters zaɓi Bwdif, ki sa Bob, firam 50 a daƙiƙa in kyamarar PAL ce, 59.94 in NTSC ce (tsarin talabijin ne guda biyu). RF, wato ma'aunin inganci, tsakanin 18 da 22. Gudun yaron zai fito sumul yadda idon Baba ya gan shi.

Na 2006 ɗin, duba allon kyamara yayin da yake tafiya, SP ta rubuta ko LP? LP na mayar da minti 60 zuwa 90, amma ya fi saurin kawo tangarɗa, kuma ya fi karantuwa a kyamarar da ta ɗauke shi, wadda ke hannunki. Tura shi har ƙarshe, ki dawo da shi farko, ki sake gwadawa. In bai yi ba, kaset ɗin goge hed na daƙiƙa 10, kar ki yi ta maimaitawa, yana cin hed ɗin. Amma ki bar wannan kaset sai kin gama sauran 13.

Bashir: Yanzu sai manhaja. Ni Shotcut zan ce. Kyauta ce, ba ta buga tambari a kan bidiyo, tana buɗe AVI na DV yadda yake, kuma ba ta buƙatar kwamfuta mai ƙarfi. Tun kafin ki jawo fayil ki saita aikin a 4:3, in ba haka ba mutane za su fito a baje. Baƙin da zai rage hagu da dama a faffaɗan allo ki bar shi. Kdenlive ma haka take, ta fi yawan kaya kaɗan.

Nura: DaVinci Resolve fa? Ita ma akwai ta kyauta, ga gyaran launi.

Bashir: Wajen launi kam babu kamarta, amma tana son memori kamar gigabait 16 da katin hoto mai kyau, koyonta kuma sai an zauna. Wadda za ta yanka, ta jera, ta rubuta shekara a ƙasa, ba ta buƙatar wannan nauyi. Premiere Pro kuma biya ne wata-wata. CapCut ta fi ƙarfi a gajerun bidiyon waya. Masu neman Windows Movie Maker su sani Microsoft ta janye ta tun Janairun 2017, Clipchamp ce ke zuwa da Windows 11 yanzu. Wadda ake rabawa da sunan Movie Maker a shafuka barkatai, da manhajojin da aka fasa, kar a sa su a kwamfutar da ke riƙe da kaset ɗin nan.

Anti Zainab: In yankan kawai ne, misali inda aka manta kyamara tana kallon ƙasa, LosslessCut na cirewa ba tare da taɓa inganci ba. Kuma Aisha, ina roƙonki, kar ki ɗora kiɗa a kan muryarsa. Har tarinsa da inda yake cewa a matsa a shiga hoto, bar wa Mama su.

Aisha: Ba zan ɗora ba Anti. SP ta rubuta Malam. Na tura shi ƙarshe na dawo da shi, na ajiye gefe kamar yadda ka ce. Na sauke Shotcut, na 10 yana tafiya yanzu. Bashir, a ina ake saita 4:3 ɗin?

Bashir: Settings, sai Video Mode, ki zaɓi SD PAL ko SD NTSC. Duba ƙasan kyamarar ko gefen allonta, galibi an rubuta wanne ce.

Aisha: PAL ce. Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri.