Neman shawara: Maganar sama ta daina sanyaya mini zuciya

Mai tambaya: Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya fi ƙarfina. Don Allah a sakaya sunana.

Maigidana ya rasu wata 14 ke nan, bayan jinyar ciwon ƙoda ta shekara 3. Ya bar ni da yara uku da bashin asibiti da har yanzu nake biya. Takalmansa na nan bayan ƙofa, inda ya tuɓe su kafin kwanciyarsa ta ƙarshe. In ina shara kewaye su nake yi.

Tun ranar jana'iza duk wanda ya zo sai ya ce, "Ki yi haƙuri, ya huta, za ku sadu a sama." Na gaskata da haka, ni da na yi shekaru ina koya wa yara wannan a makarantar Lahadi. Amma yanzu da na ji maganar sai raina ya ɓaci, in ce a zuci, to shi ya huta, ni fa? In ana waƙar gidanmu na sama a sujada, baki kawai nake motsawa. Wani daren kuma sai in kwanta ina cewa Ubangiji ɗauke ni nima in huta. Bangaskiyata ce ta mutu? Kuma me begen rai madawwami zai yi wa mutum ranar da mai bin bashi ya bugo waya?

Wani ɗan'uwa: Sannu Mama. Ki karanta 2 Korintiyawa 4:17. Manzo Bulus ya ce wahalarmu mai sauƙi ce, ta ɗan lokaci, in aka gwada ta da ɗaukakar da ke jiranmu. Ki ƙara addu'a da azumi, Shaiɗan ne ke son sace miki farin ciki.

Wata gwauruwa: Ɗan'uwa, ayar gaskiya ce, amma ba a zuba wa ɗanyen miki gishiri don gishiri na da amfani. 'Yar'uwata, nawa mijin shekara 9 yanzu. Abin da kike ji na ji shi, har na yi wata biyu ban taka ƙofar coci ba, don kada wani ya sake ce mini "ya huta".

Abin da ya riƙe ni Yohanna sura 11 ne. Li'azaru ya kwana huɗu a kabari kafin Yesu ya iso Betanya. Da ya ce wa Marta ɗan'uwanta zai tashi, sai ta amsa cewa ta sani zai tashi a ranar ƙarshe. Ni dai a kunnena amsar mace ce da ta gaji da jin ta'aziyya, ta haddace koyarwar amma gidan ya yi mata faɗi. Yesu bai tsawata mata ba. Da ya ga Maryamu tana kuka, shi ma ya yi kuka, alhali ya san nan da ɗan lokaci zai kira mutumin ya fito. In wanda tashin matattu ke hannunsa ya zub da hawaye a bakin kabari, wa ya isa ya ce naki hawayen rashin bangaskiya ne? Takalman kuwa, bar su. Nawa rigar ce, sai da ta shekara biyu a rataye.

Wani dattijon ikilisiya: 'Yata, Allah ya ba ki ƙarfin zuciya. Bari in ɗan tsawaita, tsoho ne.

Ayar da ɗan'uwanmu ya kawo, a duba wanda ya rubuta ta. A wasiƙar nan dai, sura 11, Bulus ya lissafa abin da ya sha: bulala 39 har sau biyar, dūka da sanduna sau uku, jifa da duwatsu sau ɗaya, jirgin ruwa ya fashe da shi sau uku. A sura 1 kuma ya ce wahalar da ta same su a Asiya ta yi nauyi har suka fid da rai. Shi yana da bakin kiran wahalarsa mai sauƙi, don a bayansa tabon yake. Mu da muke gefe ba mu da izinin ɗaukar kalmar mu ɗora wa gwauruwa. Kuma a 1 Tasalonikawa 4:13 bai hana baƙin ciki ba, cewa ya yi kada namu ya zama irin na marasa bege.

Sai abu na biyu, wanda nake ganin mu masu wa'azi mun gaza a kai. Mun mai da sama kamar wani wuri can nesa da rayuka ke shawagi cikin farin kaya. Shi ya sa maganar ba ta kama ki, don ke jikin mutum kika yi jinya, kin ga ƙafafunsa sun kumbura, kin san nauyinsa in kina tayar da shi zaune. Alkawarin da aka yi mana ya shafi wannan jikin. A 1 Korintiyawa 15 an kwatanta shi da iri: ana shuka shi da rauni, a tashe shi da iko. Yesu da ya tashi ya ci gasasshen kifi a gaban almajiransa, ya nuna wa Toma gurbin ƙusoshi. A Wahayi 21 kuma, wanda Yohanna ya gani yana tsibirin Batmusa, birnin ne ke saukowa, Allah ya zauna tare da mutane, ya share musu hawaye da kansa. Ki lura, ashe da hawayen za a iso wurin.

Game da mai bin bashi, ba zan yi miki ƙarya ba, bege ba ya biyan ko sisi. Abin da ya yi mini lokacin da na binne ɗana shi ne ya hana ni yarda cewa abin da ya faru shi ne ƙarshen zance. Da wannan ɗan abin na riƙa tashi da safe. Wata rana ma ban ji shi ba sam, sai Zabura 88 na karanta, wadda ta ƙare da duhu ba tare da ko kalmar yabo ɗaya a ƙarshenta ba, kuma Allah ya bar ta a cikin littafinsa.

Wata ma'aikaciyar jinya: Mama, ni jimla ɗaya ce ta tsaya mini, wadda kika ce Ubangiji ya ɗauke ki. Annabi Iliya ma ya roƙi haka a 1 Sarakuna 19, abin da Allah ya fara yi masa kuwa shi ne ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau biyu. Don haka zan tambaye ki kai tsaye: kina barci? Kina cin abinci? Tunanin ya tsaya a gajiya ne, ko ya taɓa kai ki ga tunanin yi wa kanki wani abu? In ya kai nan, yau ɗin nan ki gaya wa wani da kika yarda da shi, ku je wurin likita tare. Ko bai kai ba, wanda ya yi jinyar shekara 3 shi ma majinyaci ne, ciwon damuwa kuma yana da magani. Azumi dai a jinkirta tukuna.

Ɗan'uwan farko: Na karɓi gyara. Mama ki gafarce ni, na yi gaggawa. Abokan Ayuba ma kwana bakwai suka yi shiru kafin su buɗe baki, ni ko minti bakwai ban yi ba. Kuma Yakubu 2:15-16 ta kama ni, wato ka ce wa mabukaci ya sauka lafiya ba ka ba shi komai ba. Dattawan ikilisiyarku sun san da bashin nan?

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, kuma ɗan'uwa ba komai. Ba su sani ba, kunya ta hana ni faɗa, amma zan sami matar fasto bayan sujada. 'Yar'uwa mai jinya, ban taɓa tunanin cutar da kaina ba, sai dai barci ba ya wuce awa uku, zan je a duba ni cikin makon nan. Baba, maganar ƙafafun nan ta sa ni kuka, don safa ma ta daina shigarsa a watannin ƙarshe. Jiya ƙaramin ɗana ya zura ƙafarsa cikin takalman yana ja a tsakar ɗaki, na buɗe baki zan hana shi sai na fasa. Da ya gama ya mayar da su bayan ƙofa, ɗaya a kife.